Karkason: Birnin da ya gagari mayaƙa, ya kusa ƙarewa a hannun masu fasa dutse

 Yau zangonmu da nisa. Za mu ƙetare hamada, mu ƙetare Bahar Rum, mu yada zango a kudancin Faransa, a wani gari da ake kira Karkason, wanda Faransawa ke rubutawa Carcassonne.

Garin yana bakin kogin Aude, kimanin kilomita 90 daga birnin Tuluz, kilomita 60 kuma daga Narbon da ke dab da gaɓar teku. Mutanensa ba su kai dubu 50 ba. Amma kowace shekara baƙi na tururuwa can da miliyoyinsu, don su ga tsohon birnin da ke bisa tudu a hayin kogi: ganuwa biyu, ɗaya a cikin ɗaya, tsawonsu in an haɗa ya kai kilomita 3, da hasumiya 52, da fada, da tsohuwar majami'a, duk na dutse, duk a tsaye. A shekarar 1997 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin wuraren tarihi na duniya.

Wanda ya ga hoton wurin zai ce ai ƙarfin gini ne ya kawo shi har yau. Ƙarfin gini ya yi nasa, babu musu. Amma akwai lokacin da gwamnatin Faransa da kanta ta ba da damar a rushe wannan ganuwa a sayar da duwatsun, kuma da an yi haka da ba mu da abin da za mu tattauna yau. Za mu zo kan wannan. Bari mu fara da dalilin da ya sa aka gina birni a nan tun farko.

Ku duba yadda ƙasar take. Ta arewa akwai tsaunukan da ake kira Baƙin Dutse, ta kudu akwai manyan tsaunukan Pirenis da suka raba Faransa da Sifaniya. Tsakaninsu akwai wani fili mai kama da lungu, kuma ta nan ne hanya mafi sauƙi daga Tekun Atilantika zuwa Bahar Rum ta bi. Fatake ta nan suke wucewa, rundunar yaƙi ma haka. Duk wanda ya riƙe tudun Karkason ya riƙe wuyan hanya. Shi ya sa tun ƙarni shida kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, mutane ke zaune a kansa. Rumawa suka zo suka mai da shi garinsu, suna ce masa Carcaso, kuma da daularsu ta fara rauni, a ƙarni na 3 zuwa na 4, suka kewaye shi da ganuwar farko. Bayansu wata ƙabilar Jamusawa da ake kira Visigoth ta karɓe shi a ƙarni na 5.

Ga wani babi da ba kowa ya sani ba. Bayan Musulmi sun shiga Andalus a 711, sun ƙetaro tsaunukan Pirenis suka kama Narbon, sannan a 725 gwamnan Andalus, Anbasa bin Suhaim al-Kalbi, ya ci Karkason. Marubutan Larabawa suna kiran garin Ƙarƙashuna. Ya zauna a hannun Musulmi shekara talatin da 'yan kai, har wajen 759 lokacin da Pepin, sarkin Farank, mahaifin Sarki Sharlaman, ya ƙwace yankin.

Wannan ɗan zama ya bar almara a bakin mutanen garin. Suna cewa wai akwai wata sarauniya Musulma mai suna Karkas, wadda mijinta ya rasu a yaƙi, ta riƙe garin shekaru tana fafatawa da Sharlaman. Da abinci ya ƙare, bai rage ba sai alade ɗaya da buhun alkama ɗaya, sai ta sa aka ɗura wa aladen alkamar aka jefo shi daga saman ganuwa. Maƙiya suka ga cikin dabba cike da hatsi, suka ce mutanen da ke ciyar da dabba alkama ba yunwa ce za ta fito da su ba, suka kwashe kayansu suka tafi. Labari ne mai daɗin ji, kuma har yau akwai gunkin fuskarta a bakin babbar ƙofar birnin, baƙi na tsayawa ɗaukar hoto. Sai dai tatsuniya ce. Sharlaman yaro ne a lokacin da Musulmi suka bar yankin, sunan garin kuma ya girmi labarin da ɗaruruwan shekaru. Abin da ya burge ni shi ne, garin Kiristoci ya zaɓi mace Musulma ta zama jarumar almararsa, ya riƙe ta har yau.

(Ɗan gajeren kiɗa)

To, masu sauraro, yanzu mun iso inda tarihin ya yi zafi. Daga 1067 garin ya koma hannun wani gidan sarauta da ake kira Trencavel. A zamaninsu Karkason ta bunƙasa. A 1096 Fafaroma Urban na Biyu ya zo da kansa ya sa albarka a kan duwatsun da za a gina majami'ar Saint-Nazaire da su. Wajen 1130 aka soma ginin fadar da ke cikin birnin. Kudancin Faransa a wancan lokaci ƙasa ce mai harshenta daban, harshen Oksitan, da mawaƙanta, da sarakunanta waɗanda ba su cika jin maganar sarkin Faris ba.

A wannan ƙasa ne wata ɗariƙa ta Kiristoci da ake kira Katar ta yaɗu. Sun yi imani cewa duniyar nan da ake gani aikin mugun iko ce, ruhi kaɗai ne na Allah. Shugabanninsu ba sa cin nama, ba sa rantsuwa, ba sa tara dukiya, kuma ba su yarda da ikon limaman cocin Roma ba. Coci ta ɗauke su 'yan bidi'a. Da aka kashe wakilin Fafaroma, Pierre de Castelnau, a watan Janairun 1208, sai Fafaroma Innocent na Uku ya yi shelar yaƙi a kansu. Ku lura, wannan yaƙi ne na Kirista a kan Kirista, kuma manyan baraden arewacin Faransa sun amsa kira ne da ido ɗaya a kan lada, ɗaya a kan ƙasar kudu mai albarka.

Ranar 22 ga Yulin 1209 rundunar ta faɗa wa garin Béziers, wanda shi ma na gidan Trencavel ne, ta karkashe dubban mutane ba tare da tambayar wane ne Katar wane ne Katolika ba, har waɗanda suka fake a cikin majami'a. Labari ya riga rundunar isa Karkason. Mutanen ƙauyuka suka kwaso iyali da dabbobi suka cunkushe a cikin ganuwa. Mai garin a lokacin, Raymond-Roger Trencavel, saurayi ne ɗan shekara 24. Shi kansa Katolika ne, amma ya ƙi miƙa talakawansa.

Ranar 1 ga Agusta aka yi wa garin ƙawanya. Maharan suka cinye unguwannin da ke wajen ganuwa, suka tare hanyar zuwa kogi. Ku tuna watan Agusta ne, tsakiyar zafin bazarar kudancin Faransa, gari cike da 'yan gudun hijira da garken dabbobi, rijiyoyin ciki kuma ba su isa ba. Ganuwar ba ta faɗi ba. Ƙishirwa ce ta yi aikin. Bayan mako biyu Trencavel ya fita tattaunawar sulhu, aka riƙe shi. Ranar 15 ga Agusta aka buɗe ƙofa aka kori mutanen garin kaf, daga su sai rigar da ke jikinsu, ba a bar kowa ya ɗauki ko tsinke ba. Shi kuwa saurayin sarki aka jefa shi kurkuku a cikin fadarsa ta gado, inda ya rasu ranar 10 ga Nuwamba na shekarar. Waɗanda suka garƙame shi suka ce atuni ne ya kashe shi; mutanensa ba su taɓa yarda ba. Aka ba da garin ga ɗaya daga cikin baraden rundunar, Simon de Montfort, wanda shi ma ajalinsa ya same shi a 1218 a bakin ganuwar Tuluz, inda dutsen majaujawa ya fasa masa kai.

A 1226 garin ya koma ƙarƙashin sarkin Faransa kai tsaye. Ɗan marigayi Trencavel ya dawo da runduna a 1240 don ƙwato gadon ubansa, mutanen unguwannin waje suka mara masa baya, amma bai yi nasara ba. Sarki Luwi na Tara ya sa aka baje waɗannan unguwanni, sai a 1247 ya yarda mutanen su dawo, amma da sharaɗin su yi gininsu a ɗaya hayin kogin. Wannan ne asalin garin ƙasa, wanda ake kira Bastide Saint-Louis, mai tituna miƙaƙƙu da ke gicciye da juna. Tun daga ranar Karkason ta zama gari biyu: na tudu na sojoji da limamai, na ƙasa na 'yan kasuwa da masu sana'a.

Mafi yawan abin da baƙo ke gani yau aikin waɗannan sarakuna ne, Luwi na Tara da ɗansa Filib na Uku. Iyakar Faransa da masarautar Aragon tana kusa a lokacin, don haka ba su yi ƙyashin kuɗi ba. Su suka ƙara ganuwa ta biyu daga waje. Hikimar kuwa ita ce, ganuwar waje ta fi ta ciki gajarta, kuma yawancin hasumiyoyinta a buɗe suke ta baya. In maƙiyi ya yi sa'a ya haura ta, sai ya tsinci kansa a wani fili tsakanin ganuwa biyu, babu mafaka, maharba na saukar masa da kibiya daga sama. Babbar ƙofar gabas, Ƙofar Narbon, an gina ta wajen 1280 da tagwayen hasumiyoyi masu tsini a gaba don dutsen majaujawa ya goce, da ƙyaure biyu masu saukowa daga sama. A cikin hasumiyoyin akwai tankin ruwa da ɗakin ajiye nama mai gishiri. Darasin 1209 bai wuce su ba.

Sakamakon haka, da Yarima Edward na Ingila, wanda ake wa laƙabi da Baƙin Yarima, ya ratso yankin da rundunarsa a 1355, ya ƙone garin ƙasa ƙurmus, amma na tudu ya dube shi ya wuce.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Abin da takobi ya kasa, alƙalami ya yi. A 1659 Faransa da Sifaniya suka sa hannu a Yarjejeniyar Pirenis, iyaka ta matsa can kudu. Dare ɗaya birnin da aka gina don tsaron iyaka ya wayi gari babu iyakar da zai tsare. Arziki ya gangara garin ƙasa, inda masaƙun ulu ke fitar da yadi har zuwa kasuwannin daular Usmaniyya. Alƙalai suka sauka, attajirai suka sauka, a farkon ƙarni na 19 kujerar bishop ma ta sauka. Tudu ya zama unguwar talakawa. Masaƙa da 'yan ƙwadago suka gina ƙananan gidaje fiye da ɗari a filin nan da ke tsakanin ganuwa biyu, suna jingina ɗakunansu da bangon. Rufin hasumiyoyi ya rufta. Magina suka mai da ganuwar wurin ɗibar dutse, tunda ga shi nan an riga an sassaƙa.

Duk wanda ya tashi a Kano, ko Katsina, ko Zariya, ya san wannan ciwo ba sai an ba shi labari ba. Badalar Kano, wadda tarihi ya ce Sarki Gijimasu ya soma ginawa, kusan sa'ar fadar Karkason ce a shekaru. Kuma mun ga yadda ganuwa ke ƙarewa: ba rana ɗaya ba, ba da igwa ba, wannan ya ɗebi ƙasa, wancan ya yanki fili, ruwan sama ya ƙarasa.

A wajen 1850 gwamnati ta fitar da doka da ta cire birnin daga wuraren da ake karewa, abin da ke nufin a rushe. Nan ne wani ɗan garin, masanin tarihi Jean-Pierre Cros-Mayrevieille, ya tashi haiƙan. Ya daɗe yana bincike a cikin majami'ar, yana rubuce-rubuce, yana ƙwanƙwasa ƙofofin hukuma. Ya sami goyon bayan Prosper Mérimée, marubuci kuma babban sufeton gine-ginen tarihi na ƙasa. Suka yi tsayin daka har aka janye dokar. Aka damƙa gyaran a hannun masanin gini Eugène Viollet-le-Duc, wanda tun 1844 yake aiki a majami'ar. A 1853 aka amince da gyaran ganuwar. Ya yi ta fama har ya rasu a 1879, almajirinsa Paul Boeswillwald ya ɗora, aikin bai kammala ba sai farkon ƙarni na 20. Fiye da shekara 50 ke nan.

Gyaran bai tsira daga suka ba, kuma wasu sukan suna da tushe. Viollet-le-Duc ya yi wa hasumiyoyin rufi mai tsini da baƙin allon dutse irin na arewacin Faransa, alhali mutanen kudu da jan tayil na yumɓu suke rufi, mai ɗan kwanciya. Masana suka ce ya sa wa birnin kudu hular arewa. A shekarun 1960 aka sauya rufin wasu hasumiyoyi zuwa jan tayil, shi ya sa yau za ka ga launi biyu. Gadar nan mai ɗagawa da ke gaban Ƙofar Narbon ma ƙarin ƙarni na 19 ce. A ganina wannan duk mai sauƙi ne. Mutumin ya auna kowane dutse, ya zana, ya rubuta hujjarsa, kuma ba don shi ba da babu hasumiyar da za a yi gardamar rufinta. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne talakawan nan da ke zaune tsakanin ganuwa. An sayi gidajensu da ƙarfin doka an rushe, ɗaya bayan ɗaya, don fili ya fito fes. Masu yawon buɗe ido da ke tafiya a kan ciyawar wurin yau, kaɗan ne suka san a kan tsakar gidan wasu suke tafiya. An ceci dutse, an tashi mutane, kuma ya kamata a riƙa faɗin duka biyun.

To, me baƙo zai tarar in ya je?

Daga Tuluz tafiyar kamar awa ɗaya ce a jirgin ƙasa. Tashar tana garin ƙasa, a bakin Canal du Midi, wato magudanar jiragen ruwa mai tsawon kilomita 240 da Pierre-Paul Riquet ya tsara, aka haƙa tsakanin 1666 da 1681, wadda ita ma UNESCO ta karrama a 1996. Shawarata ka tafi da ƙafa. Ka ratsa garin ƙasa, ka hau tsohuwar gadar dutse ta ƙarni na 14, daga tsakiyarta za ka ga birnin gaba ɗayansa a samanka. Shiga cikin ganuwa kyauta ne, dare da rana, domin unguwa ce ta gari. Fada da hawa saman bango ne ake yankar tikiti.

Kada ka yi saurin kutsawa cikin kasuwa. Ka fara bin filin da ke tsakanin ganuwa biyu, ka nufi ɓangaren arewa, ka matsa kusa da bangon ciki. Za ka ga wani sashe an jera shi da ƙananan duwatsu masu kusurwa huɗu, kowanne bai fi tafin hannu biyu ba, an ratsa su da layin jan bulo siriri. Wannan hannun Rumawa ne, ya haura shekara 1,600. Ka sauke ido ƙasa, sai ka ga manyan duwatsu na ƙarni na 13 a ƙarƙashinsa. Sabo a ƙasa, tsoho a sama. Dalili kuwa, maginan sarki sun sassare tudun don su daidaita filin, harsashin Rumawa ya fito fili, sai suka tallafe shi suka cusa sabon gini a gindinsa. Wasu hasumiyoyin sun ɗan karkace a lokacin wannan aiki, kuma a karkacen suke har yanzu. A bango ɗaya za ka karanta zamani uku, in ka haɗa da gyaran ƙarni na 19 da ke can ƙoli.

A cikin fada an sake kafa rumfunan katako da ake maƙalawa a saman bango lokacin yaƙi. Ka tsaya a ciki ka leƙa ta ramin da ke ƙarƙashin ƙafarka, za ka ga gindin bango tsaye a ƙasanka. Ta nan ake sako duwatsu a kan maƙiyan da ke haƙa gindin bangon. Akwai kuma hasumiyar da ke ɗauke da sunan kotun binciken aƙida ta coci, kotun da ta yi ta farautar ragowar 'yan Katar, wadda wani limami mai suna Bernard Délicieux ya fito ya ƙalubalanta har ya ƙare ransa a kurkuku. Majami'ar Saint-Nazaire kuwa tagoginta na gilashi mai launi, na ƙarni na 13 da na 14, suna cikin mafi kyau a kudancin Faransa. In sararin sama ya washe, daga saman bango ana hango tsaunukan Pirenis.

Ranar 14 ga Yuli, ranar bikin ƙasa, ana wasan tartsatsin wuta da ke sa birnin ya yi ja kamar yana ci da wuta, jama'a na cika bakin kogi maƙil. Wasu kuma ta wata hanya suka san sunan: fim ɗin Robin Hood na 1991 an ɗauki wani sashensa a nan, akwai kuma wasan allo mai suna Carcassonne da wani Bajamushe, Klaus-Jürgen Wrede, ya fitar a 2000, wanda ya zagaya duniya.

Sai dai a faɗi gaskiya, a watannin Yuli da Agusta lungunan birnin ba masaka tsinke. Shagunan tsaraba sun cika babban titi da takubban roba da kwalkwalin yara, mazauna na dindindin a cikin ganuwa kuwa sun zama 'yan tsiraru. Wanda ke son ganin wurin a natse ya je a watan Mayu ko Oktoba, ko ya yi sammako kafin motocin baƙi su iso, ya kuma riƙe rigar sanyi, don iskar tudun ba ta wasa. Ga 'yan uwa Musulmi kuma, abincin da garin ke alfahari da shi, wanda suke kira cassoulet, farin wake ne da ake dafawa a kaskon yumɓu da naman agwagwa, amma da naman alade a ciki. A tambaya kafin a zauna.